Dardumar da Ta Fi Ƙarfin Makewayinmu

A ƙasarmu mutum zai iya faɗowa daga kan raƙumi, ko daga saman motar albasa a tashar Galmi, a yi masa sannu kowa ya kama gabansa. Amma ya zame a makewayi, to magana ta bar hannun likita ta koma hannun malamai. Kowa ya san su wa ake cewa suna zaune a can, ba a ma son kiran sunansu da dare. Shi ya sa wanda ya faɗi a ban-ɗaki yakan tashi da ciwo biyu, na kwankwaso da na bakin masu zuwa dubiya.

Makewayin gidanmu na Dogarawa, tun zamanin kakana, bai taɓa kayar da kowa ba. Katangar laka ce iya kafaɗa, babu rufi, an zuba tsakuwa a ƙasa, ga wani faffaɗan dutse da ake tsayawa a kai. Ruwa ya zuba ƙasa ta tsotse, rana ta shanye ragowar. Sai wata shekara albasa ta yi kuɗi, wana da ke kai kaya Kumasi ya damƙa mini rabona na garkar gado. Na ce haba, malamin lakwal guda, ga kamfanin siminti na Malbaza nan kusa da mu tun shekarun 1960, a ce har yau a kan dutse nake wanka? Na sayo siminti na kira magini.

Magini ya yi aiki da zuciya ɗaya, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba. Da ya gama daɓe sai ya barbaɗa garin siminti zalla a sama, ya bi da cokalinsa yana shafa yana shafa, har sai da ya hango gemunsa a ƙasa. Ya ce, "Mushe, ko gidan gwamna a Tawa bai kai wanga sulɓi ba." Abu guda ya manta, gangarar da za ta kai ruwa bakin rariya. Damina na sauka gansakuka ta yi kore a kusurwa, kumfar sabulu ta samu wurin zama. Wata safiya na sunkuya zan ɗauki soso, ƙafar hagu ta nufi Ƙonni, ta dama ta nufi Madawa, ni kuma na zauna a tsakiya, daidai inda taswira ta ajiye Dogarawa.

Inna ba ta tsaya jin bayanin santsi ba. Kafin in gama ɗaura zane an shigo da kaskon wuta, hayaƙi ya turnuƙe gida, an aika wajen liman karɓo rubutu, aka kuma kafa doka cewa ba mai sake wanka bayan magariba. Na sha rubutun, don albarka ba ta yawa. Amma ni mutum ne da ya yi boko, na taɓa kwana a wani otel a Yamai lokacin wani taron malamai, na kuma ga abin da masu hankali ke shimfiɗawa a bakin wurin wanka. Na ƙudurta a raina maganin ke nan.

An sake buɗe iyakarmu da Najeriya a watan Maris na 2024, bayan rufewar da ta biyo juyin mulkin Yulin 2023, ga naira ta faɗi warwas. Jaka guda ta sefa sai a ƙirgo maka sama da naira dubu biyu, har ka fara jin kanka wani ne. Ranar Lahadi na hau mota zuwa Ƙonni, na ɗare kabu-kabu na tsallaka kasuwar Illela, ta Najeriya nake nufi, ba Illelar Sarkin Adar ba. Can cikin layin masu labule da zannuwan gado na samu wani Alhaji da ya san kayansa, ko kuwa ya san irina.

Ya baje mini iri-iri. Akwai ta auduga, mai shan ruwa da kyau, tana jure wanki, amma ba ta da abin riƙe ƙasa. Akwai ta roba zalla mai huji-huji, da wasu ƴan kofuna a ƙarƙashinta da ke manne wa daɓe mai sulɓi, an yi ta ne don a tsaya a kanta ana zuba ruwa. Akwai mai soso a ciki, ka taka sawunka ya fito sannan ya ɓace a hankali. Sai kuma sarauniyarsu, mai dogon gashi mai laushi, launin sararin sama, an shafe bayanta da danƙo. Wani zai ce ta robar nan mai huji ita ce ta dace da makewayin da ake wanka da bokiti. Ni dai na dube ta na ga ba ta da kwarjini, abin da za ka kai gida a tambaye ka ko tayar mota aka yanka. Na ɗora hannu kan mai gashi.

Alhaji ya ce, "Yallaɓai ya san kaya. Amma fa ba a raba ta da ƴan'uwanta, su uku ne." Ya zaro ta biyu, an yanke mata wani lungu a gefe guda, da ta uku ƴar kewayayya mai roba a baki. Ya ce mai lungun ana zagaya ta ne a gindin masai irin na zama, ƙaramar kuma rigar murfinsa ce. Masai na zama, a gidanmu, babu shi babu dalilinsa. Amma ciniki ya riga ya yi daɗi, kuma mutum ba ya tsayawa tsakiyar kasuwar wata ƙasa yana bayyana wa baƙo yadda ramin gidansu yake.

Da na kwance ƙunshin a tsakar gida, Inna ta shafa gashin da bayan hannu, ta kai kumatunta. Na ce ta makewayi ce. Ta dube ni, ta dubi maiɗakina, ta ce, "Faɗuwar nan ta taɓa mai kai. Wagga aba ta za a kai wurin ƙazanta? In kana da kuɗɗin zubarwa ka ba ni." Ta naɗe babbar ta kai ɗakinta. Daga ranar ta zama shimfiɗar manyan baƙi. Waɗanda suka zo neman auren ƙanwata, a kanta shugaban tawagarsu ya zauna, yana magana yana wasa da gashin da yatsa, har ya tambaya ko daga Makka aka zo da ita. Ƙaramar mai roba a baki kuwa ta yi kwana biyu a kan autanmu a matsayin hula, daga baya maiɗakina ta gano cewa ta yi wa bakin randa daidai wa daida.

Mai lungun ce ta so ta ja mini abin kunya. Baffana ya zo daga Gidan Idar, la'asar ta yi, ya waiga ya hango ta rataye a igiya. Ya sauke ta, ya juya lungun ya fuskanci gabas, ya ce kai, Turawa ma sun fara gane alƙibla. Na tsaya da buta a hannu ina lissafi. Sabuwa ce fil, ba ta taɓa ganin najasa ba, sallarsa ta inganta. In kuwa na buɗe baki na faɗi abin da aka yanka lungun dominsa, zumunci ne zai samu rauni. Na yi shiru. Da zai tafi ya ce tsawonta bai isa sujada ba amma tana da daɗin gwiwa, ya naɗe ta ya sa a hammata. Har yau ba wanda ya gaya masa, kuma ina roƙon duk mutumin Gidan Idar da ya karanta wannan ya riƙe amana.

Sai da aka ɗaura auren ƙanwata, baƙi suka ɗauke ƙafa, sannan na sato babbar daga ɗakin Inna na shimfiɗa ta inda aka yi ta domin shi. A nan na fara karatun da Alhajin Illela bai koya mini ba. A ƙasashen da aka ƙirƙiro wannan abu, ruwan wanka a tsare yake, ko cikin baho ko bayan gilashi. Ita dardumar tana waje a busasshen daɓe, aikinta kawai ta karɓi ɗigon da ke sauka daga ƙafar wanda ya fito. Mu kuwa bokiti ne da moɗa, ka kwara ruwa ya bi ko'ina, kusurwa huɗu duk rabonsa ne. Wankan farko ta sha ta ƙoshi. Na biyu ta fara amai. Kowa kuma da silifas yake shiga, ya kwaso jar ƙasar tsakar gida ya goge a kanta. Masu kunya, irin maiɗakina, suka riƙa tsallake ta don kada su ɓata ta, wato abin da na sayo don hana faɗuwa ya zama abin da ake yin tsalle a kansa bisa jiƙaƙƙen siminti.

Ba a jima ba launin sararin sama ya koma na kunun kanwa. Sai wari. Abin da ya jiƙe bai bushe ba, ga zafi, ga dattin jiki da sabulu, ai an yi wa fumfuna gida da abinci. Ga yara, waɗanda ba su san bambancin darduma da rariya ba idan fitsari ya matsa. Maganar ta kai kunnen liman, ya kira ni gefe bayan sallar asuba. Ya tuna mini hukuncin da duk yaron da ya karanta Ahalari ya sani: in ka san inda najasa ta taɓa ka wanke wurin, in ka rasa gane wurin sai ka wanke abin gaba ɗaya. Ya ƙara da cewa shanya ba wanki ba ce, sai an bi da ruwa mai tsarki har launi da wari su gushe. Na ce Allah gafarta Malam, wannan abar ai kullum ba a san wurin ba. Ya ce to kullum ke nan.

Maiɗakina ta wanke ta sau ɗaya ta ce ta sauke farali. Ta ce, "Malam, kai ka auro ta, kai za ka yi mata hidima." Jiƙaƙƙiyar dardumar nan nauyinta kamar na ɗan maraƙin da ya ƙi tafiya, kuma ruwan ɗauraya take sha ba na wasa ba, a garin da kowace jarka sai an biya ko an jawo da guga. Na zuba omo, kumfa ta ƙi fita daga gashin. Wani abokin aikina ya ce in sa ruwan jabel. Jabel ya kashe warin, ya kuma tafi da sauran launin, ya bar mini taswirar wata ƙasa da ba na koyarwa a aji. Na baza ta a kan katanga cikin ranar Afrilu, wadda a nan takan haura digiri 40 ba tare da neman izini ba. Ashe danƙon da ke bayan irin wannan shimfiɗa ba ya shiri da jabel, ba ya shiri da rana mai ƙuna, a inuwa ake shanya shi inda iska ke kaɗawa. Ya bushe ya tsattsage, ya riƙa zuba gari-gari. Abin da ya rage a kusurwa guda akuyar maƙwabta ta miƙe tsaye ta ɗanɗana.

Darduma mara danƙo a kan siminti mai sulɓi ba ta da sauran dalilin zama wuri ɗaya. Faɗuwata ta biyu ta fi ta farko tsari, don wannan karon a kan abin hawa na tafi. Na taka, ta ɗauke ni, muka wuce bokiti, muka wuce buta, katanga ce ta yi mana birki. Na kwanta ina kallon sama ina addu'ar kada Inna ta ji. Ta ji. Aka sake hura kasko.

Duk da haka ban sallama ba. Na mayar da ita bakin ƙofa daga waje, inda ya kamata a ce tun farko take. Ruwan sama na farko ya sauka, ƙarƙashinta ya yi sanyi da laima, sai ga masu haya. Kwaɗi ne suka fara tarewa, sannan kyankyasai. Ranar da na ɗaga ta zan kakkaɓe na ga kunama ta ɗaga wutsiya tana tambayar wa ya aiko ni, ranar na yarda cewa duk abin da ke kwana a ƙasa a wannan yanki, da sanda ake ɗaga shi ba da hannu ba. Na gwada tabarmar kaba ƴar Madawa, wadda ba ta da na biyu wajen zama a inuwa. Ruwa ya baƙanta ta, gara ta gama da ita daga ƙasa. Tabarma ba ta yi laifi ba, ba don wannan aka saƙa ta ba.

Ƙarshenta maginin nan na sake kira. Ya zo da guduma da kurfi, ya tsuguna yana sassara daɓen da ya ɓata yini yana gogewa, ya yi masa kaushi, ya fitar da gangara zuwa rariya. Ya ce dama shi ya san siminti mai sulɓi na ɗaki ne ba na makewayi ba, ganin ni mai ilimi ne ya sa bai yi gardama ba. Ya karɓi kuɗin ɓatawa daidai da na gyarawa. A bakin ƙofa kuma maiɗakina ta ninka tsohon buhun albasa na algarara ta jefa. Yana kankare ƙasan silifas, ana rataye shi a katanga ya bushe kafin azahar, in ya ruɓe a ɗauko wani, don abin da ba ya yankewa ke nan tsakanin Galmi da Tsarnawa. Aibinsa ɗaya, in ya jiƙe mutum yakan fito wanka yana jin yunwa.

Kwanakin baya na koma Illela sayen yadin makaranta na yara, na bi ta layin da na rantse ba zan sake bi ba. Alhaji ya hango ni tun daga nesa, ya miƙe da fara'a, ya tambayi lafiyar kayan. Na ce suna nan sun watsu cikin dangi. Ya ce to madalla, saura abu guda ban-ɗakina ya cika, ya zaro wani labulen roba mai zanen kifaye da zobba goma sha biyu na ratayewa. Na tuna makewayinmu ba shi da rufi, balle sandar da za a zura zobba. Na ce masa kuɗin dai kawai nake tambaya, ba saye zan yi ba. Ya faɗa, na ce ya yi tsada, ya ce in taya. Kifayen kuwa jajaye ne, har da ƴan ƙanana suna bin uwarsu.