Ihtilafin Malaman Kwamfuta a Dayi

Wani ihtilafi kan yadda za a kare bayanai daga ɓacewa ya ɓullo tsakanin samarin da ke gyaran kwamfuta a Dayi ta ƙasar Malumfashi, wanda hujjojinsa za su cika kundi, alhali amanar da ake jayayya a kanta ba ta wuce lissafin bashin taki da hotunan biki ba.

Mazhaba ta farko ta riƙi RAID, dabarar da masanan Jami'ar Kalifoniya suka yi sharhinta a 1988, wadda a sigarta ta ɗaya ake haɗa faifai biyu, duk abin da aka rubuta a ɗaya nan take ya hau kan ɗan'uwansa, ta yadda in ɗaya ya riga mu gidan gaskiya, ɗayan ya ci gaba da hidima. Madalla. Sai dai ranar da yaro ya goge sunayen masu bashi, faifai na biyu ba ya neman shaida, shi ma gogewa yake cikin ladabi da biyayya. In kuwa tsawa ta faɗo da damina, jana'iza ɗaya ake yi musu.

Mazhaba ta biyu ta ce a kwafe faifan ɗungurungum a kan wani, a ɓoye shi a ƙasan adaka. Hujja ce ƙaƙƙarfa, illa dai kwafin ba shi da labarin abin da ya wakana bayan ranar da aka yi shi. Da aka ciro na wani dillalin masara, sai ga bashin da manoma suka biya shi tun bara yana nan daram.

Dillalin dai ya ba da fatawa cewa mazhaba ta biyu ce sahihiya.