Ƙararrawar Baƙin Allo da Mutanenta

Duk wanda ya taɓa zama gaban baƙin allon Linux, inda ake rubuta wa kwamfuta umarni da hannu, ya san wannan "tiit" ɗin. Ka danna Tab, Bash, manhajar da ke karɓar umarninka, ya rasa fayil ɗin da kake nufi: tiit. Ka ci gaba da gogewa bayan layi ya ƙare: tiit. Ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba, amma ta isa ta tona halin kowa a ofis.

Akwai Mahaƙurci. Shekara biyar tana yi masa tsiwa, bai taɓa tambayar ko ana kashe ta ba. Ya ɗauke ta kamar sauron damina. Shi yana ƙiba, maƙwabtan teburinsa na ramewa.

Sai Mai Gyaran Gangar Auzinawa. Ya cire pcspkr, manhajar da ke kula da 'yar lasifikar cikin kwamfuta. Zuciyarsa ba ta yi sanyi ba, ya kashe sauti gaba ɗaya. Washegari a taron bidiyo oga na ta bayani, shi kuwa yana ta gyaɗa wa leɓe kai.

Malam Tarihi ya san maganin, kuma layi ɗaya ne tak: ka rubuta set bell-style none a fayil ɗin .inputrc. Amma ba zai ba ka a tsaye ba. "Zauna tukuna, ɗan'uwa," in ji shi. Sai ka ji cewa ƙarar harafi ce mai zaman kanta, lamba 7 a jadawalin ASCII na 1963. Sai ka ji cewa injin Teletype Model 33 yana da ƙararrawar ƙarfe ta gaske, wadda ake kaɗawa daga nesa don jan hankalin ma'aikaci. Zai danna Ctrl da G sau uku don ka shaida. Ka zo da hantsi, ka tashi ana kiran la'asar.

Mai Walƙiya ya sa visible a maimakon none. Kunne ya huta, ido ya shiga uku. In ya yi kuskure da dare, allon na haskawa kamar hadari ya taso daga gabas.

Ɗan Kwafe kuwa duk umarnin da ya gani sai ya liƙa. Ya zuba unsetopt beep na zsh, wata manhajar umarni daban, a cikin Bash, ya ba kaza maganin akuya. Da xset b off ta yi aiki, har shayi ya saya wa mutane. Da safe ya kunna kwamfuta: tiit. Ya buɗe Vim don gyara rubutu, ashe shi ma da tasa ƙararrawar, sai an ce masa set belloff=all.

Na ƙarshe ni ne, kuma sabo turken wawa. Na bi layin Malam Tarihi, ɗaki ya yi tsit. Kwana uku na fara kewa. Yanzu duk aikin da zai daɗe, nakan liƙa masa printf '\a' a wutsiya, don ta kira ni idan ya gama. Ashe ba ƙarar na tsana ba, shelar da take yi ce. Kuskuren yana nan yadda yake, sai dai yanzu daga ni sai allon muka sani.