Ranar da Waya Ta Yafe Bashin Kawu

Duk wanda ya taɓa kasuwa a ƙasar Gumel a farkon 2023 ya san yadda kuɗi suka yi ɓatan dabo. Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsofaffin aka ce a mayar banki, sababbin kuwa sai dai ka ji labarinsu a rediyo. Kafin Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin, ciniki daga Ɗanzomo har Maigatari ya koma "rubuta, zan kawo." Kawuna, ƙanin mahaifiyata, mai awon riɗi da zoɓo ne. Littafinsa na bashi, wanda yake rubutawa da ajami, ya cika maƙil har ya koma rubutu a bayan kwalin shayi. Wasu basussukan ma tun rufe iyakar da aka yi a Agustan 2019 suke kwance a ciki, an buɗe iyakar a Disamban 2020, amma aljihun masu su bai buɗe ba.

Ni kuma a lokacin na dawo daga Kano da wata kwamfuta ta hannu da ɗan abin da na koya na haɗa manhajar Android. Na ce, "Kawu, wahalar nan ta ƙare. Zan zuba maka littafin nan kaf a cikin waya."

Ya dube ni, ya dubi kwamfutar, ya ce, "To Injiniya, Allah ya taimaka." Sunan da ya bi ni ke nan har yau, kuma ba kullum ake faɗarsa da fatan alheri ba.

Manhajar ba ta da wani tarkace. Sunan mai bashi, irin kayan, adadin buhu ko tiya, sai maɓalli biyu: ɗaya na rubutawa, ɗaya na gogewa idan mutum ya biya. Tunda gogewa abu ne mai haɗari, sai na sa mata mai gadi, wato ɗan akwatin nan da ke faɗowa tsakiyar allo ya tambaye ka, wanda masu sana'ar ke kira AlertDialog. Na rubuta masa "Ka tabbata?" da amsa biyu, Ee da A'a.

A shagon cajin waya nake aiki, don nan ne janareta ke kwana yana ruri. Da na ce kwamfuta ta haɗa manhajar, Ee ta wuce lafiya, A'a ta maƙale, allo ya yi jawur. A fayil ɗin da Android ke ajiye kalmomin manhaja, 'yar alamar nan ta sama da ke tsakiyar A'a tana da wani aiki na daban, sai ka gindaya mata karkatacciyar sanda a gabanta kafin a yarda harafi ce. Na faɗa wa mai shagon cewa kwamfuta ta ƙi karɓar A'a. Ya ce shi ma tun safe yake faɗa wa masu cajin bashi ita, babu wanda ya karɓa. Bayan wannan kuma akwatin ya ƙi fitowa sam, na danna har yatsa ya yi zafi, ashe gina shi daban, kiransa daban: sai ka rubuta masa show a ƙarshe yake leƙowa. Waɗannan duk ƙananan alhaki ne. Babban yana jirana a Maigatari.

Wanda bai taɓa cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis ba, ba zai gane irin wurin da na zaɓa don gwada fasahata ba. Kasuwa ce a bakin iyakar Nijar, raƙuma da shanu da tumaki sun taho daga ƙasar Damagaram, manyan motoci sun yi layi suna jiran lodi zuwa kudu, ƙura ta tashi, dillalai na rantsuwa ta ko'ina. Kawu ya zauna a rumfarsa, ni kuma na zauna gefensa riƙe da wayata, na gyara hula kamar akawun banki.

Can sai ga wani bawan Allah daga wajen Gagarawa, wanda Kawu ke bi buhu shida na riɗi. Bayan gaisuwa ya ce ya ji labarin an mayar da su cikin waya, yana so ya ga sunansa. Na nuna masa. Ya miƙo yatsa ya ce, "Nan ne ni?" Yatsan ya sauka daidai kan maɓallin gogewa. Akwati ya faɗo.

Ko gezau ban yi ba. Na ce, "Kawu, kalli aikin ilimi. Da littafi ne aka zuba masa shayi, shi ke nan. Amma ita wannan sai ta tambaya." Na ɗaga wayar yadda na kusa za su gani, na danna A'a a tsanake. Akwati ya rufe. Sunan mutumin babu shi babu dalilinsa.

Na ja allo sama, na ja ƙasa. Na kashe manhajar na kunna. Kawu ya ce, "Injiniya, ina buhuna shida?"

Mutumin Gagarawa ya leƙa, ya ga wurin sunansa fari fat, sai ya ɗaga hannu sama ya ce, "Allahu Akbar! Alhaji, ka gani da idonka. Yaron nan ya ce a'a, ita kuma ta ce ta yafe. Abin da na'ura ta yafe, ni wane ne da zan yi jayayya?" Ya yi mana fatan a tashi kasuwa lafiya, ya shige cikin raƙuma.

Ga abin da ya faru, don masu koyon sana'ar su ji. Ni a tunanina, idan manhaja ta fito da akwatin tambaya, tsayawa take cak ta jira amsa, sannan ta wuce layi na gaba. Ba haka tsarin yake ba. Tana aika akwatin kan allo ne kawai, ta zarce da aikinta nan take, ko ƙiftawar ido ba ta jira. Umarnin gogewar kuwa a layin da ke ƙarƙashin akwatin yake zaune. Saboda haka tun kafin idon mutum ya gama karanta "Ka tabbata?" an riga an goge. Kamar dillalin da zai zo yana tambayarka ko ka sallama, alhali sanka yana cikin mota ta wuce Gumel. Gyaran shi ne a ɗauke umarnin daga can, a cusa shi cikin maɓallin Ee kansa, a wurin da ke sauraron dannawa, yadda ba zai motsa ba sai an taɓa shi. Aikin minti kaɗan ne. Hanyar komawa Ɗanzomo ce ta yi tsawo, don Kawu bai ce mini uffan ba, sai dai lokaci lokaci ya ja tsaki ya ce wa tagar mota, "Aikin ilimi."

Da na gyara, na gwada a wayata ta kowace fuska, sai na ga lokaci ya yi da zan miƙa wa mai abu abinsa. Na tura masa manhajar cikin tasa wayar, wadda ya sayo a Makka shekarar da ya sauke farali. Kawu gwanin ajami ne, boko kuwa sai ya sa tabarau ya bi harafi ɗaya ɗaya, tabarau ɗin kuma kullum yana aljihun wata rigar. Don haka na koya masa a sauƙaƙe, da wayata a hannu: "Kawu, ba sai ka karanta ba. Ee tana dama, A'a tana hagu. Duk lokacin da ka yi shakka, danna hagu." Abin ya yi masa daɗi. Ya ce ai haka ya dace, alheri a dama.

Abin da ban leƙa ba shi ne harshen wayarsa. Larabci take, tun daga shago, kuma haka yake son ta. Tun fitowar Android 4.2 a 2012, manhajar da ta amince da rubutun dama zuwa hagu juyewa take gaba ɗaya idan wayar na Larabci, kamar yadda masu karatu daga dama suke bukata, kuma sabuwar manhaja da wannan amincewar ake fara ta. Kalmomin suna nan da Hausarsu, amma sun yi musayar wuri. A wayar Kawu, Ee ce a hagu. Dama can wurin zaman maɓallan nan ba dauwamamme ba ne: kafin Android 4.0 ta 2011, na amincewa ne a hagu ko a wayar Turanci. Wanda ya koya wa dattijo dama da hagu a kan wannan, ya gina masa rumfa a kan rairayi.

Da a ce Kawu mai ɓoye abin alfahari ne, da ɓarnar ta tsaya a mutum ɗaya. Amma da yamma sai ya fita majalisa ƙofar gida, ya tara abokansa, yawancinsu kuma suna cikin wayar. Ya ce, "Ku zo ku ga abin da ɗan 'yar'uwata ya ƙera. Kai, ga naka nan, tiya goma ta zoɓo. In na taɓa nan, sai ta tambaye ni. Ni kuma in ce mata a'a." Ya danna hagu. Ya mayar da wayar aljihu yana murmushi, bai ko duba ba. Na gaba ya ce shi ma a nuna masa nasa. Kafin kiran magariba labari ya zaga unguwa, har waɗanda ba sa zama majalisar suka zo da tabarminsu, kowa na cewa, "Alhaji, ni ma a gwada da nawa." Wani ma ya koma gida ya taho da ƙaninsa.

Washegari da sassafe aka aiko yaro ya kira ni. Ba zan maimaita abin da aka faɗa a zauren nan ba, tunda har da sunan kakannina a ciki, kuma kakanninsa ne shi ma.

Daga nan na ce ba za a sake asara ba, duk abin da aka rubuta sai an aika kwafinsa ta intanet an ajiye. To, sabis a wajenmu sai a hankali, a Maigatari ma wani lokacin waya kan kamo layin Nijar ta saki na gida. Kawu zai danna maɓallin rubutawa, shiru. Ya sake dannawa. Ya goge allon da hannun riga ya ƙara dannawa da ƙarfi, don a ganinsa nauyin yatsa ne bai isa ba. Kowace dannawa kuwa saƙo ce mai zaman kanta, tana layi. Da sabis ya dawo sai duk su wuce a tare, akwatunan "An rubuta" su hau kan juna, ya rufe ɗaya wani ya bayyana a ƙarƙashinsa, har ya fara karanta addu'ar neman tsari. Wata tsohuwa mai ƙuli-ƙuli da ta karɓi tiya ɗaya ta riɗi ta wayi gari ana bin ta tiya tara. Ba ta je wurin Kawu ba. Gidanmu ta zo, ta zauna a tsakar gida, ta ce da mahaifiyata, "Hajiya, ɗanki ne ya ci sauran takwas ɗin, ko ke?" Maganin wannan shi ne maɓalli ya mutu da zarar an taɓa shi sau ɗaya, ya nuna alamar yana aiki, kada ya farfaɗo sai amsa ta dawo, ko ta nasara ko ta akasi.

Akwai kuma ranar da akwatin ya riƙa ɓacewa duk lokacin da Kawu ya karkata wayar don nuna wa mai bashi, saboda juya allo rushe shafin yake a sake gina shi, akwatin da ba a ɗaure shi da DialogFragment ba kuma ba ya dawowa. Wannan ko faɗa ba a yi mini ba, an gaji.

Limamin unguwarmu ne ya kawo ƙarshen rigimar, shi da bai taɓa taɓa kwamfuta ba. Ya ce in nuna masa akwatin. Ya sa na karanta masa, sai ya ce, "Ka tabbata da me? Ee ga me, a'a ga me? Yaro, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Abin da aka yi wa wannan dogon bayani shi za ka tambaya da kalma biyu?" Ya ce ko a kara, dillali ba ya cewa ka tabbata. Sai ya ambaci dabbar, ya ambaci kuɗin, sannan ya ce ka sallama, mai ita kuma ya ce na sallama ko ya ce albarka.

Na so in yi gardama, sai na tuna ƙa'idojin da Google ta wallafa wa masu haɗa manhaja su ma abin da suke cewa ke nan: maɓalli ya faɗi aikin da zai yi. Na sake rubuta akwatin. Yanzu yana ambaton sunan mutum da kayan da adadin, maɓallan kuma ɗaya na cewa "Goge wannan bashi, ya biya," ɗaya na cewa "Bar shi yana nan yadda yake." Da na kunna sai na ga abin mamaki. Jimlolin sun yi tsawon da ba za su zauna kafaɗa da kafaɗa ba, Android kuwa idan haka ta faru sai ta ɗora maɓalli ɗaya a kan ɗaya. Babu sauran dama, babu hagu, ko wayar na Larabci ko tana Turanci. Na kuma daina gogewa ta gaskiya. Wanda ya biya, sunansa komawa yake wani shafi ya kwanta, in an yi kuskure a tashe shi.

Mutanen majalisa duk sun dawo cikin waya, don Kawu ya haddace abin da yake bin kowa har da ranar da ya karɓa, kuma kunya ba ta bar su sun yi musu ba. Tsohuwa ta biya tiyarta ɗaya, ta ɗora mini tarar sayen ƙuli-ƙuli kullum.

Saura mutum ɗaya. Bawan Allah na wajen Gagarawa, idan wannan rubutu ya iso gare ka ko wani ya karanta maka, ka sani na'ura ba ta da hurumin yafe riɗin da ba ita ta noma ba. An mayar da sunanka, buhu shida ne, kuma Kawu yana rumfarsa a Maigatari kowace Alhamis. In ka zo, ka bar hannunka a aljihu.