Yadda ake lallaɓa manhajar hira ta kwamfuta a bakin iyaka

Ba zan ce maka ka kashe ka kunna ba, ɗan'uwa. Duk mai aikin takardu a Maigatari, wanda ke tura hotunan shanu da rasit ga 'yan kasuwar kudu ta manhajar hira ta kwamfuta, ya gwada wannan har ya gaji. Ka san farin akwatin nan mai dogon Turanci da kalmar JavaScript a ciki, wanda kana danna shi manhajar ke ɓacewa. Ni ranar Alhamis da ta wuce ya taso mini, kasuwa ta cika, wani Alhaji yana tsaye a kaina yana tambayar ko saƙo ya tafi.

Na farko, ka tabbata manhajar ta mutu. Sau da yawa tagar ce kawai ta rufe, ita tana nan a laɓe. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, jerin abubuwan da ke aiki zai fito, ka ga sunanta layi-layi. Kashe su duka. Da yawa daga cikin manhajojin nan a kan Electron aka gina su, wato burauza ce sukutum aka naɗe aka raɗa mata sabon suna. Buɗe ta a kwamfuta mai RAM giga 4 ɗora wa jaki kayan raƙumi ne.

Na biyu shi ne sabuntawar da ta tsaya a rabi, kuma a nan raina yake ɓaci. Manhajar ba ta sallama, ba ta tambaya. Da ta ji ƙanshin intanet sai ta fara sauke sabon kaya. Mu kuwa intanet ɗinmu daga waya muke jona shi, wayar kuma a garin nan ba ta san ƙasarta ba. Kana zaune a shagonka, ba ka motsa ba, sai ta kama sabis ɗin Nijar, layi ya yanke, fayil ya sauko guntu. An rufe iyakar nan a Agustan 2019, aka buɗe a Disambar 2020, aka sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Yamai, sai Maris na 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Tireloli sun tsaya, fatake sun tsaya, amma sabis bai taɓa tsayawa a shinge ba. Garin da ake kira da yankin ciniki marar haraji, wanda dabbobinsa ke cika kasuwannin kudu, ya cancanci intanet ɗin da zai riƙe minti goma bai tsinke ba. Wallahi ya cancanta. Idan sabis ya yi haƙuri, sai wuta ta ɗauke, batirin kwamfutar kuwa ya daɗe da mutuwa.

Maganin dai: shiga saitin wayarka ka zaɓi kamfanin layinka da hannu, kada ka bar ta ta zaɓa. Sannan ka adana hotuna da takardun mutane a wani wuri, ka danna maɓallin Windows da R, ka rubuta %appdata%, ka goge jakar da ke ɗauke da sunan manhajar, ka sauke ta sabuwa. Wayarka ta kasance a hannu, domin za a ce ka sake shiga. Na sani, masu saurin cewa a goge a sake saukewa ba su taɓa sayen data da kuɗin cefane ba, amma a nan dole ce.

Duba agogo kuma. Idan kwamfutarka na cewa muna shekarar 2009, ƙaramin batirin da ke cikinta, mai kama da kwabo, shi ya ƙare. Kwanan wata ya karkace, manhajar ta ƙi amincewa da takardar tsaro, ta yi ta juyawa ba ta haɗu ba. Gyara kwanan watan, ka kai wa mai gyara a Gumel ya canja batirin, ya hure mata ƙurar hunturu daga fanka tunda ya buɗe. Kada ka ɗora ta kan katifa, fankar za ta toshe.

Akwai batun rigakafin bairos da ke kama fayil ɗin manhajar ya kulle, amma bar shi, ga wanda ya fi shi ciwo. Microsoft ta daina kula da Windows 7 a Janairun 2020, Electron ya daina aiki a kansa a 2023, Windows 10 ma an sallame shi a Oktoban 2025. Kwamfutocin hannu da muke sayowa daga Kano galibi a kan waɗannan tsofaffin Windows ɗin suka tsaya. Madanninsu lafiya, allonsu lafiya, suna buga takarda, suna lissafi, amma an yanke musu hukunci daga wata ƙasa. Yaron da ya tara kuɗin sana'a a Sule Tankarkar ko Gagarawa ya sayi ɗaya, me za ka ce masa? Ka gwada buɗe hirar ta cikin burauza, wani lokaci tana yarda. In ta ƙi, babu jakar da za ka goge ta gyaru. Sai sabuwar kwamfuta, ka je ka tambayi kuɗinta ka ji.