Zuwa ga Bawana Babarbare, Sabon Makaɗin Bosso

Babarbare, gaisuwar ubangida ga bawansa. Labari ya iso ruga cewa ka sayo gangar fareti da sanduna biyu, kana ta fama tun asuba, har masuntan Komadugu na ƙorafin kifi ya tsere ya koma wajen Malam Fatori. Wai salon bulala kake koyo a waya.

To, bari Bafulatani ya fayyace maka. Mai salon Ba'amurke ne, Sanford Moeller, wanda ya zauna da tsofaffin makaɗan sojan yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, ya lura hannunsu bai mutu ba duk da tsufa, ya rubuta littafi a 1925. Gene Krupa da Jim Chapin duk a wurinsa suka sha karatu. Asirin kuwa gwiwar hannu ce ke fara tashi, wuyan hannu ya biyo ta a sake, kan sanda ya zo a ƙarshe. Ka sauke, ta yi ƙara. Ka bar ta ta yi tsalle da kanta, bugu na biyu ke nan. Na uku ka tsince shi hannu na komawa sama. Lilo ɗaya, amo uku.

Ga inda aka ce kana kwaɓawa: darasin nan na dama, hagu, dama, dama, sannan hagu, dama, hagu, hagu. Bugun farko na kowane huɗu kaɗai ke cin bulala. Shi hagun da ke bin sa taɓawa ce kawai yana hanyar tashi, don ya riga ya ɗaga kafin nasa lokacin ya zo. Kai kuwa kowanne sai ka zuba masa ƙarfin tuwo, ka damƙe sanda kamar mai dakan tattasai, kafaɗa ta sandare, gumi na bin zanen fuskarka layi-layi. Ina amfanin baɗi ba rai?

Abin da ya fi ba ni dariya, masu ganga kura da ke bin mai algaita a bukukuwanku na Diffa, dubi wuyan hannunsu in sun ɗaga makaɗi mai lanƙwasa: a sake yake, shi ya sa suke wuni ba su gaji ba. Malami na ƙofar gidanka, ka tafi kana ƙona kuɗin banda a kan intanet. Ko da yake ba laifinka ba ne, Babarbare bai yarda da abu sai ya zo da tsada.

In kuma bulalar gaske kake so, gidanta sharo, kuma mu ne masu ita. Taho bayan girbi, ka tuɓe riga, ka riƙe madubi, yarana su nuna maka yadda gwiwar hannu ke riga tsumagiya tashi. Ka haɗo da buhun tattasai da kwalin banda, kuɗin makaranta ke nan.