Gidan Gilashi a Garin Albasa

A shekarun 1950 masu kuɗin Amurka suka cika Palm Springs, cikin hamadar Kaliforniya, da gidaje masu bangon gilashi. Su dai suna da na'urar sanyaya ɗaki da wutar da ba ta wasan ɓuya.

Nan gida kuwa, a Aliero, garin albasa, da Jega da Maiyama, sababbin unguwanni sun cika da gidajen bulo da kwano, tagogi manya-manya. In Afrilu ya kama, zafi ya haura digiri 40, sai maigida ya kwashi tabarma ya koma tsakar gida, yana jiyo minsharin maƙwabci daga ɗakin ƙasa.

Garejin maigidan kuwa buhunan albasa sun cinye shi. Motar tana gindin darbejiya.