Sabuwa Dal, Ta Ƙi Tashi

Mutum ya tara kuɗi ya sayo kayan kwamfutar tebur, ya haɗa da hannunsa, ya yi bismilla ya danna maɓalli. Shiru. Fanka ko gezau. Nan take a fara rabon laifi: masu wuta ne a sahun gaba, ko da ƙwan ɗakin na ci, sai mai shago, wanda yanzu aka tuna dama idonsa bai kwanta wa mutum ba. Daga nan sai maƙiya.

Alhali can bayan akwatin, jikin tukunyar wutar, akwai ɗan makunni mai alamar 0 da I. Yana zaune abinsa a kan 0. In ba shi ba ne, a duba ƙatuwar wayar nan mai baki 24 da ke shiga madabod, don ba ta zama sai an danna ta ta ce ƙas. Ƙanwarta mai baki 8, ta kusa da furosesa, ita kam mantawa ake da ita ɗungurungum.

Amma gwanar wulaƙanci ita ce siririyar wayar maɓallin gaba. 'Yan ƙarafa biyu kacal take nema cikin cunkoson 'yan'uwansu, sunansu kuma an rubuta shi da haruffan da sai mai idon shaho. Mai gyara ba ya wahalar da kansa: bakin sukundireba zai haɗa ƙarafan biyu da shi, fanka ta juya, ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, Allah ne ya taimake ka ka kawo da wuri." Alhaji ya biya har da godiya.